TABON FUSKA DA RARRABUWAR LAUNIN FATA: ME KE KAWO SU, YAYA AKE MAGANINSU?



  

Tun da aka gama kaka aka shiga bukukuwa, tambayar da ta fi zo mini daga nan Kongolam da Mai'aduwa da Daura, har da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka wajen Matamaye, ita ce ta tabon fuska. Wannan ya ce matarsa ta haihu kumatunta sun yi baƙi. Wannan ta ce 'yarta za a kai ɗaki, kuraje sun bar mata tabo. Wani kuma wuyansa ne ya yi duhu, ya dirje har ya gaji. Kowa abu ɗaya yake so in ba shi: "Malam, a ba mu abin shafawa." To yau zan yi bayanin gaba ɗaya. Saƙon yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Makon jiya wani bawan Allah ya kawo mini iyalinsa. Shekara biyu da suka wuce ta haihu, aka ga ɗan duhu a kumatunta, kamar inuwa. Wata maƙwabciya ta kawo mata haɗin mai a 'yar roba, babu suna babu takarda. Sati biyu fuska ta yi fes, maigida ya ji daɗi, shi da kansa ya riƙa ba da kuɗin sayen wani. Yau kumatun nan sun yi baƙi ƙirin kamar an goga gawayi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, gaɓoɓin yatsu baƙi, hannu fari. Idan ta kwana uku ba ta shafa ba, fuskar ta hau ƙaiƙayi da zafi. Na ce masa, ɗan'uwa, abin da ka kawo mini yanzu ya wuce ganye da saiwa, sai likitan fata. Da tun farko ka zo, da abin da zan ce maka bai wuce inuwa da man kaɗanya da haƙuri ba.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne wannan: *tabo sawu ne.* Wani abu ne ya bi ta kan fatar ya bar sawunsa. Mai hankali yakan tsaya ya gane sawun mene ne kafin ya ɗauko tsintsiya.

*1. YADDA ALLAH YA YI LAUNIN FATA*

A cikin fatar kowane ɗan Adam akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu haɗa wani rini, likitoci na kiransa melanin. Shi ke ba fata da gashi launinsu. Abin mamaki, yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikin Bature da Balarabe da Bahaushe. Bambancin yana wajen yawan rinin da suke fitarwa. Mu namu suna fitarwa da yawa, kuma wannan rahama ce, domin rinin nan lema ce da ke tare zafin hasken rana kada ya lalata fata. Shi ya sa ciwon dajin fata ya fi kama fararen mutane, shi ya sa kuma 'yan uwanmu zabiya, da jikinsu ba ya haɗa rinin sosai, suke shan wahalar rana. Allah Maɗaukakin Sarki ya lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyinsa a Suratur Rum, aya ta 22. A je a duba.

Sai dai waɗannan ƙwayoyi suna da saurin firgita. Duk abin da ya taɓa fata, ƙurji ne, ƙuna ce, susa ce, rana ce, sai su zubo rini fiye da kima a daidai wurin. Ciwo ya warke, rini ya zauna. Wannan shi ne baƙin tabo. Idan kuma wani abu ya hana su aiki, wurin ya yi haske ko fari.

*2. ABUBUWAN DA KE KAWO BAƘIN TABO*

*Tabon bayan ciwo.* Shi ya fi yawa. Kurajen fuska, ƙarambau, ƙyanda, ƙazuwa, cizon sauro, ƙunar mai ko ruwan zafi, kurajen aski a gemu da ƙeya. Matse ƙurji da farce shi ke mai da tabon wata biyu ya zama na shekara. Idan rinin yana sama-sama, launinsa ruwan ƙasa, yakan dushe da kansa cikin wata 6 zuwa 12. Idan ya nutse ƙasa, launinsa toka-toka, yana iya ɗaukar shekaru.

*Duhun ciki da jego.* Shi ne wanda ke fitowa a kumatu biyu daidai wa daida, da goshi, da karan hanci, da saman leɓe. Larabawa suna kiransa kalaf, likitoci suna cewa melasma. Canjin sinadaran jikin mace lokacin ciki ke tayar da shi, rana da zafin murhu su ƙara masa ƙarfi. Wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa ma suna kawo shi, kuma yana bin dangi. Ba sammu ba ne, ba hannun kishiya ba ne. A wajen mata da yawa yakan ragu da kansa cikin watannin bayan haihuwa.

*Duhun wuya da hammata.* A kula da wannan da kyau. Idan bayan wuya ko hammata ko matsematsi ya yi baƙi, ya yi kauri, ya yi laushi kamar karan-miski, musamman ga mai jiki, to ba dauɗa ba ce. Sau da yawa alama ce ta cewa jiki ya fara kasa sarrafa suga. Kada a dirje yaro da soso ana zaginsa da ƙazanta. A je a auna suga da safe kafin a ci komai. Idan awo ya nuna 126 ko sama, kuma aka maimaita ya sake nunawa, ciwon suga ne. Tsakanin 100 da 125 yana bakin ƙofa. Maganin wannan duhu rage ƙiba ne, da rage zaƙi da lemon kwalba, da yawan tafiya a ƙasa.

*Tabon magani.* Wani zai ga baƙin tabo zagayayye kamar kwabo a leɓe ko hannu ko al'aura. Ya lafa, bayan wata uku ya sake tashi a daidai wurin, ya ƙara baƙi. Ka tambaye shi me ya sha jiya, sai ka ji Septrin ne ko Fansidar ko wani maganin ciwon jiki. Jikinsa ne bai karɓi maganin ba. A rubuta sunan maganin a ajiye, a gaya wa kowane likita da mai kemis, kada a sake sha.

*Ƙarancin abinci mai gina jiki.* Gidan da tuwon masara ne safe da dare, babu wake, babu gyaɗa, babu nama ko kifi, ana iya ganin fata ta yi baƙi tana ɓarewa a wuya da bayan hannu da ƙafa, wuraren da rana ke duka, wani lokaci da gudawa da rikicewar tunani. Rashin wani sinadari ne mai suna niyasin, kuma gyaɗa tana da shi sosai. Haka ƙarancin bitamin B12, wanda ake samu a nama da hanta da ƙwai da nono, yana sa gaɓoɓin yatsu su yi duhu tare da kasala da ƙarancin jini.

*Wuta da goga.* Tsofaffinmu da ke rungumar kaskon wuta da hunturu, ƙwaurinsu kan yi zane-zane baƙi kamar raga. A matsar da kaskon nesa. Haka yawan dirza da soso mai kaushi ko dutse yana ƙara duhu a gwiwa da wuya. Fata ba tukunya ba ce da za a kankare.

*3. IDAN TABON FARI NE*

Kyasbi: ƙananan tabo masu haske a ƙirji da baya da wuya, idan ka kankara da farce sai ɗan gari ya tashi. Wani naman gwari ne da ke zaune a fatar kowa, zufa da maiƙo ke sa ya yi yawa. Ba shan madara ke kawo shi ba. A kemis akwai man clotrimazole, a shafa safe da yamma sati biyu zuwa huɗu, ko sabulun ruwa na ketoconazole. Ko bayan ya mutu, launin yakan ɗauki watanni kafin ya dawo daidai, kada a ce magani bai yi ba.

Albaras: fari fat kamar nono, yakan fara a yatsu ko baki ko gefen ido. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. A ci abinci da mai shi, a yi musabaha, a daina ƙyama.

Amma ga wanda ba a wasa da shi: tabo mai haske ko ja-ja wanda idan aka taɓa shi da auduga ko tsinke *mai shi ba ya ji.* Wannan yana iya zama farkon kuturta. Maganinta kyauta ne, wata 6 ko wata 12, kuma ana warkewa sarai idan aka fara da wuri, kafin ta taɓa yatsu. Asibitin Babbar Ruga da ke kusa da Katsina an daɗe da saninsa da wannan aiki. Ɓoyewa ita ke nakasa mutum.

*4. MAGANAR BILICIN*

To ga inda gizo ke saƙar. Mafi munin tabon da nake gani yanzu, maganin tabo ne ya kawo shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani rahoto a 2011 da ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata. A farkon 2023 hukumar NAFDAC, ta bakin shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Kwaddibuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Ruwanda ma ta bi sahu. Mu da ke bakin iyaka muna ganin yadda kaya ke shiga da fita, kuma mun san ba kowane kwali ne aka duba ba.

Abu uku ne a cikin mayukan nan. A karanta jikin kwalin, ko a ba yaro ɗan makaranta ya karanta:

*Hydroquinone.* Yana hana ƙwayoyin nan haɗa rini. Likitan fata yakan ba da shi a kan tabo kaɗai, na 'yan watanni, sannan ya tsayar. Idan aka daɗe ana shafa shi ana shiga rana, sai ya juye: kumatu da goshi su yi baƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙananan gudaji. Likitoci a Afirka ta Kudu sun bayyana wannan cuta tun 1975 a jikin mata masu shafe-shafe. Wannan baƙin yana da wuyar fita ƙwarai, wani har abada.

*Clobetasol da betamethasone.* Magungunan kumburi da ƙaiƙayi ne masu ƙarfi, an yi su don a shafa kwanaki kaɗan a kan ciwo. Su ne a cikin 'yan tubabben nan da ake matsewa a cikin man shafawa. Suna sirantar da fata har jijiya ta bayyana, su kawo nankarwa mai faɗi a cinya da hammata, da kuraje, da gashi a fuskar mace, da makero mai ƙin jin magani. Suna ratsa fata su shiga jini, su jawo hawan jini da ciwon suga da kumburin fuska. Rauni ba ya saurin warkewa, ɗinki ba ya kamawa da kyau. Ku tuna da wannan ranar da za a ce sai an yi wa mace aiki wajen haihuwa.

*Mercury,* wato zaiba. Wani lokaci ana rubuta calomel. Guba ce mai lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kawo rawar hannu da mantuwa. Tana ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki, tana fita a ruwan nono, tana kuma shafar wanda ke kwana a shimfiɗa ɗaya da mai shafawa.

Mafi haɗari shi ne haɗin da ake zubawa a roba babu suna, ko a ce maka "na gargajiya ne zalla". Ni mai maganin gargajiya ne, shekara sama da talatin ina wannan aiki, kuma ina gaya muku tsakani da Allah: *babu wani ganye ko saiwa da ke mai da baƙin mutum fari cikin sati biyu.* Duk abin da ya yi haka, akwai ɗaya daga cikin ukun nan a ciki, ko da an rubuta zuma da habbatus sauda a jikin robar. Haka ma allurai da ƙwayoyin sa fari da ake tallarsu a Facebook da TikTok, a nisance su.

Abin da ya fi sa ni baƙin ciki shi ne jarirai. Fatar jariri siririya ce, tana shan abin da aka shafa mata fiye da ta babba. Kowace uwa ta san jariri yakan zo da haske, sannan a hankali ya koma launinsa na asali. Ba wanka ne ya ɓata shi ba, ba mai ne bai karɓe shi ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) cikin damuwa don matarsa ta haifi yaro baƙi. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya nuna masa yadda ake samun mai launin toka a cikin jajaye saboda gadon kakanni, ya fahimtar da shi cewa ɗansa ma haka ne. Usama ɗan Zaidu baƙi ne ƙwarai, mahaifinsa Zaidu fari, kuma Usama yana cikin mafi soyuwar mutane a wajen Annabi (SAW). Uwar da ta shafa wa ɗanta bilicin ta ci amanar da Allah ya ba ta.

*5. ME SHARI'A TA CE?*

Malamai sun raba abu biyu. Na farko, gusar da aibin da ya faru: tabon ƙuna, tabon kuraje, duhun jego. Neman maganin wannan halal ne. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na jahiliyya, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa hancin zinare. Kuma a kan wannan tabo namu kai tsaye, Uwar Muminai Ummu Salama (RA) ta ba da labarin cewa a zamanin Annabi masu jego sukan zauna kwana arba'in, kuma sukan shafa wani tsiro mai suna waras a fuska saboda kalaf. Abu Dawud da Tirmizi da Ibn Majah duk sun kawo shi. Waras tsiro ne na ƙasar Yaman mai rini ja-ja rawaya, Ibnul Ƙayyim ma ya ambaci amfaninsa ga kalaf a Zadul Ma'ad. Kun ga ke nan matan sahabbai ma sun yi duhun jego, sun nemi magani mai sauƙi, ba wanda ya ce musu sun yi laifi.

Na biyu, canza launin da Allah ya halicce ka da shi don kana ganin wani ya fi shi. Wannan malamai da dama, ciki har da Shaikh Ibn Usaimin, sun sanya shi cikin canza halittar Allah da aka yi gargaɗi a kai a Suratun Nisa'i, aya ta 119. Ko da mutum ya yi jayayya a nan, ba zai yi jayayya a kan ƙa'idar da kowa ya yarda da ita ba, cewa haramun ne mutum ya cutar da kansa ko waninsa. Ga kuma yaudara: a yi wa yarinya haɗi wata biyu kafin biki, ango ya ga launin da ba nata ba. Bayan wata shida gaskiya ta fito, rigima ta tashi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

*6. TO MENE NE MAGANI?*

*Na ɗaya, a kashe tushen.* Mai kuraje ya yi maganin kuraje, mai ƙazuwa a yi wa gidan duka magani, mai duhun wuya ya auna suga. Share sawu alhali dabbar tana cikin gona wahalar banza ce.

*Na biyu, inuwa.* Wannan shi ne rabin magani, kuma kyauta ne. Rana ɗaya a kasuwa tana iya mayar da aikin wata guda baya. Daga hantsi zuwa la'asar a nemi inuwa. Maza a koma ga malafa, iyayenmu ba su saka ta don ado kawai ba. Mata a riƙe lema, a ja mayafi ya inuwantar da kumatu. A yi girki a rumfa, a ja baya daga bakin murhu. Mai hali ya sayi man kariyar rana a babban kemis, wanda aka rubuta SPF 30 ko sama, a shafa da safe, a ƙara idan an yi alwala ko zufa.

*Na uku, tausasa wa fata.* Sabulu mara ƙarfi, ruwa mai ɗumi-ɗumi, tafin hannu ko tsumma mai laushi. Sabulun salo na asali yana da kyau, amma wani yana da kaifi, a yi kumfa a hannu a wanke nan take, kada a bar shi ya bushe a fuska. Bayan wanka, jiki da ɗan danshi, a shafa man kaɗanya tsantsa. Mai maiƙon fuska da kuraje ya taƙaita shi ga jiki.

*Na huɗu, haɗin gida.* Ga wanda nake bayarwa:

Zuma mai kyau cokalin shayi 1, kindirmo cokalin shayi 1, garin kurkum ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. A gauraya, a shafa a fuska, a bari minti 15, a wanke. Sau biyu a sati.

Garin ganyen magarya, a jiƙa da ruwa ya yi kumfa, a wanke fuska da jiki. Yana wanke maiƙo ba tare da ya ƙona fata ba.

Mai son man habbatus sauda ya sa ɗigo 2 ko 3 a cikin cokalin man zaitun. Kada a shafa shi zalla, yana yi wa wasu ƙuna da kumburi.

Kowane haɗi, a fara gwada shi a cikin dantse, a jira kwana biyu. Idan ya yi ja ko ƙaiƙayi, a bar shi. Kuma in faɗa muku gaskiya: waɗannan suna sanyaya fata ne, su taimaka mata ta gyara kanta. Fata takan sabunta a kusan wata guda, saboda haka kada a sa ran ganin canji kafin wata biyu zuwa uku.

*Abubuwan da ba a shafawa:* lemun tsami, domin idan rana ta same shi a fata yana ƙona ta ya bar tabon da ya fi na da. Tafarnuwa ɗanya, kanwa, toka, man goge baki, omo. Duk na ga waɗanda suka ƙone da su. Masu dilka da halawa kuma a tambaye su abin da suka zuba a ciki, a kuma hana su dirza da ƙarfi.

*Na biyar, abinci.* Zogale, rama, miyar kuka, wake, gyaɗa, ƙwai, nono, gwaba, mangwaro, tumatir, da wadataccen ruwan sha. Duk muna da su a nan.

*Na shida, asibiti.* Akwai magungunan tabo na gaskiya da likita ke rubutawa, irin su azelaic acid, wanda ko mai ciki ana ba ta, da tretinoin, wanda mai ciki ba ta taɓa shi sam. A fara da Babban Asibitin Daura. Idan abin ya yi zurfi a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano da ke Kano. Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani, kuma zuwa wajen wanda ya fi ka sani ba ya rage tawakkali.

*A gaggauta zuwa asibiti idan:* tabo ba ya jin taɓi. Baƙin tabo a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce yana girma, ko yana canza kama, ko yana jini. Duk jiki yana ƙara duhu har cikin baki tare da rama da jiri. Ko fuska da ƙafa suna kumbura ga mai shafe-shafe.

*7. WADDA TA RIGA TA FARA*

'Yata, ƙofar tuba a buɗe take, kuma fata tana da haƙuri. Mai zaiba a ciki a daina shi yau. Amma idan kin daɗe kina shafa mai clobetasol ko betamethasone a duk jiki, kada ki yanke rana ɗaya, domin jiki ya saba, yankewa farat ɗaya tana iya kayar da ke. Ki ɗauki robar da kwalin ki kai wa likita, ya tsara miki yadda za ki rage a hankali. Ki sani za a yi watanni masu wuya: ƙaiƙayi, kuraje, duhu fiye da na da. A nan ne mafi yawa suke komawa. Ki daure, ki riƙe inuwa da man kaɗanya. Idan kina da ciki ko za a yi miki aiki, ki gaya wa ma'aikatan asibiti abin da kike shafawa, kada ki ji kunya.

*8. GARE KU MAGIDANTA*

Na bar ku a ƙarshe don ku ne kan gaba a wannan lamari. Mace ba ta ƙona fuskarta don nishaɗi. Ta ji abin da kake cewa ne idan farar mace ta wuce. Ta ji an ce za ka ƙaro fara. Ta ga 'yan uwanka suna tambaya ko amaryar fara ce kafin su tambayi tarbiyyarta. A huɗubar da Annabi (SAW) ya yi a hajjin bankwana ya bayyana cewa launi ba ya ɗaukaka kowa a kan kowa, taƙawa ce ma'auni. Mun haddace wannan, amma a wajen neman aure sai mu manta.

Duhun da ke kumatun matarka, ɗanka ne ya bar mata shi. Yau da dare ka duba kan madubinta, cikin lumana ba da faɗa ba, ku karanta kwalayen tare. Masu haɗa lefe a duba mayukan da ake zubawa a akwati. Kuma ka buɗe baki ka gaya mata launinta ya yi maka. Wallahi wannan kalma ta fi duk haɗin da na rubuta a sama aiki.

Shi bawan Allahn da na ba ku labari ya kai iyalinsa asibiti, an fara rage mata man a hankali. Da zai tafi ya ce mini, "Malam, ni na riƙa ba da kuɗin." Na ce to yanzu sai ka riƙa ba da kuɗin mota da haƙuri. Ku sa su a addu'a.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, Allah ya yafe mini. A tura wa 'yan uwa, musamman gidajen da ake shirin biki da masu jego. Mako mai zuwa in sha Allahu za mu yi magana a kan ƙazuwa a makarantun allo da yadda ake raba gida da ita.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu gode wa halittar da ya yi mana.